Kurkukun Soyayya: tafiya daga Sierra Morena zuwa Peñafiel

Autar gidanmu tana karatun digiri na uku a Jami'ar Salamanka da ke Sifaniya, kuma abin da take bincike a kai ya daɗe yana ba 'yan gida dariya: littattafan soyayya da mutanen ƙasar suka rubuta shekara ɗari biyar da ɗoriya da suka wuce. Gwaggonmu har cewa ta yi, wai duk tulin littattafan soyayyar da ke kasuwannin Kano ba su ishe ta ba, sai ta ƙetare teku neman na matattu? Da na samu hutu cikin kaka sai na kai mata ziyara. Ina sauka Madrid ta shaida mini ba yawon kallon gine-gine za mu yi ba. Akwai wani ɗan littafi mai suna Cárcel de amor, wato Kurkukun Soyayya, na Diego de San Pedro. Labarinsa ya soma a wasu duwatsu na kudu, ya ƙare a wani ƙaramin gari na arewa, kuma duk wuraren suna nan har yau. "Yaya, sawunsa za mu bi," in ji ta.

Daga tashar Atocha muka hau jirgin ƙasa mai tsananin gudu, muka nufi kudu. Da farko fili ne fetal, ƙasar La Mancha, sai gonakin inabi da zaitun iya ganinka. Bayan mun wuce Puertollano ƙasa ta soma tudu da kwari, jirgi ya shiga ramin dutse ya fita, ya sake shiga wani. Wannan ita ce Sierra Morena, jerin duwatsun da suka raba tsakiyar Sifaniya da Andalus. A nan Auta ta zaro littafin daga jaka, tana karantawa tana fassara mini.

Mai ba da labarin, wanda littafin ke kira Marubuci kawai, yana komawa gida daga yaƙi. Da asuba, a cikin wani kwari mai duhu na waɗannan duwatsu, ya yi kiciɓis da wani ƙato, duk jikinsa gashi, garkuwa a hannun hagu, a dama kuma sassaƙen wata mace da wuta ke fita daga cikinsa tana ƙona wani bawan Allah da ake jaye da shi a baya. Ƙaton ya ce sunansa Sha'awa, babban jami'i a fadar Soyayya. Wanda ake ja kuwa Leriano ne, ɗan wani basarake, wanda ya kamu da son Laureola, 'yar sarkin Makidoniya. Marubuci ya bi su har wata hasumiya mai kusurwa uku, tsaye a kan ginshiƙai huɗu. A ciki ya tarar da Leriano zaune bisa kujerar wuta, ɗaure da sarƙoƙi, mata biyu suna danna masa kambin ƙarfe mai tsini a ka, ga wani baƙin mutum sanye da rawayen tufafi yana kai masa sara lokaci lokaci. Leriano da bakinsa ya warware ma'anar kowane abu. Ginshiƙan huɗu fahimtarsa ce da hankalinsa da tunaninsa da nufinsa, kuma kafin a ɗaure shi sai da aka tambayi kowannensu, duk suka amince. Baƙin mutumin nan shi ne Yanke Ƙauna.

Na ce mata to ai wannan kurkuku shi ya gina abinsa, shi ya kulle kansa, makullin ma yana aljihunsa. Ta ce in riƙe maganar, akwai wani kurkukun a gaba.

Mun yada zango a Kurɗuba, wato Córdoba. Ba zan ɓata lokaci kan babban masallacinta ba, an rubuta abin da ya isa a kansa. Abin da ya kai mu shi ne mutum-mutumin Ibn Hazm da ke tsaye kusa da tsohuwar ganuwa, a Ƙofar Ishbiliya. An haife shi a birnin a 994, kuma kafin ya shahara a fiƙihu ya rubuta Ɗauƙul Hamama, babi talatin a kan so: alamominsa, aika wasiƙa, ɗan aike, mai tsegumi, ɓoye sirri, ramewa, mutuwa. Wanda ya san wannan littafin, idan aka karanta masa labarin Leriano zai ji kamar ya taɓa bin hanyar. Masana a Turai sun fi shekara ɗari suna jayayya ko salon soyayyar fada, wanda namiji ke mai da kansa bawan mace yana bauta ba lada, daga waƙoƙin Larabawan Andalus ya tsallaka zuwa kudancin Faransa. Auta ba ta cika son wannan jayayya ba, ta ce kowa da abin da yake so ya gani. Hanyar da ta fi gamsar da ita ta likitoci ce. Ibn al-Jazzar na Ƙairawan ya rubuta Zadul Musafir, a ciki ya lissafa ishƙi, wato matsanancin so, cikin cututtukan ƙwaƙwalwa. A ƙarni na 11 Konstantin Ba'afirke ya juya littafin zuwa Latin, aka shiga koyar da shi a makarantun likitanci na Turai. Saboda haka mai karatu na zamanin San Pedro, idan ya ga saurayi ya daina ci, barci ya ƙaurace masa, idanu sun zurma, ba azanci yake gani ba. Ciwo yake gani, mai suna, mai magani, wanda kuma yakan yi kisa.

A Ishbiliya, wadda mutanenta ke kira Sevilla, aka fara buga littafin. Wasu Jamusawa huɗu masu ɗab'i suka kammala shi ranar 3 ga Maris 1492. Duba wannan kwanan wata da kyau. Wata biyu ke nan da faɗuwar Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a ƙasar, kuma kafin watan ya ƙare Sarauniya Isabel da mijinta Fernando suka sa hannu a dokar korar Yahudawa. Mutumin da aka sadaukar wa littafin, Diego Fernández de Córdoba, yana cikin waɗanda suka kama Abu Abdullahi, sarkin Garnaɗa na ƙarshe, a yaƙin Lucena a 1483. Ke nan masu sauraron wannan kuka da shessheƙa mayaƙa ne da matan fada, mutanen da ke ƙone gonakin abokan gaba da rani, su dawo da hunturu su zauna ana karanta musu yadda jarumi ke suma saboda wasiƙa.

Baƙin mutumin hasumiya bai bar raina ba, don haka da yamma Auta ta ja ni wani ɗan titi a bayan inda tsohuwar ganuwa take, mai suna Conde Negro. An sa masa sunan ne don tunawa da Juan de Valladolid, baƙar fata, wanda Isabel da Fernando suka naɗa shugaba kuma alƙalin baƙaƙen birnin a 1475. Ishbiliya a lokacin cike take da 'yan Afirka, bayi da 'yantattu, da yawansu an kawo su ta hannun fataken Fotugal. Nan kusa akwai ɗakin ibadar wata ƙungiyar baƙaƙe da aka kafa tun ƙarshen ƙarni na 14, kuma tana nan da ranta. Waɗanda suka sayi bugun farko suna haɗuwa da irin waɗannan mutane kullum a kasuwa da bakin kogi. Da marubucinsu ya nemi fuskar da zai ba yanke ƙauna, tasu ya ɗauka. Na tsaya a titin na ɗan jima, babu abin gani sai motoci a fake da wata tsohuwa tana shanya a baranda.

Daga Ishbiliya zuwa Salamanka mota muka hau, doguwar tafiya ta Mérida da Cáceres, cikin dazuzzukan itatuwa inda baƙaƙen aladu ke kiwo. (Wanda zai je Sifaniya ya koyi tambayar abin da ke cikin kwano kafin ya kai loma. Ni dai wainar ƙwai da dankali da soyayyen kifi suka riƙe ni.) A wannan mota ta ƙarasa mini labarin, kuma a nan muka yi musu har wani dattijo da ke gabanmu ya waiwayo.

Marubuci ya zama ɗan aike. Ya kai wa Laureola kuka, ta fatattake shi, ta ce mutuncin mace ya fi ranta tsada. Ya koma, ya sake komawa, har ta rubuta wasiƙa, tana faɗa ƙarara cewa don ceton ran Leriano ta rubuta, ba don biyan buƙatarsa ba. Wasiƙa na zuwa Leriano ya warke sarai, ya taho fada. Wani Persio, wanda shi ma yana sonta a ɓoye, ya lura da yadda launin fuskarsu ya sauya a gaban jama'a, sai ya je ya gaya wa sarki wai suna haɗuwa da dare. Aka yi fito-na-fito, Leriano ya sare wa Persio hannun dama, amma sarki ya tsayar da faɗan kafin gaskiya ta tabbata. Persio ya sayi shaidun zur uku. Sarki ya jefa 'yarsa ta cikinsa a kurkuku, ya yanke mata hukuncin kisa. Babban limamin coci ya roƙa, sarauniya ta roƙa, ita kanta Laureola ta rubuta wa ubanta, ya ce doka doka ce.

"Ka ga kurkuku na biyu, Yaya," in ji Auta. "Nasa na azanci ne, wasiƙa guda ta buɗe shi. Nata na dutse ne, da sarƙa ta gaske, da hauni yana jira. Amma sunan littafin na wa aka ɗauka?"

Leriano ya tara mayaƙa ya fasa kurkuku, ya kashe Persio, ya damƙa Laureola a hannun kawunta don kada a ce ya gudu da ita. Sarki ya yi masa ƙawanya, har aka kama ɗaya daga shaidun ya tona asiri. Aka wanke ta. Leriano ya sake aiko da saƙo, ta ce a'a, kuma kada ya ƙara. Dalilinta a fili yake: in ta aure shi yanzu, duk wanda ya ji ƙazafin zai ce ashe gaskiya ne. Ta yi masa alkawarin in mulki ya dawo hannunta za ta saka masa da dukiya da girma. Shi kuwa ya kwanta ya daina ci da sha.

Ni a ganina, na ce mata, yarinyar ta cika taurin kai. Mutum ya sa ransa a kanki, uba ya gane kurensa, me ya rage? Auta ta ce in ƙirga abin da tausayi ya jawo mata. Sau ɗaya ta ji tausayinsa ta rubuta 'yan layuka, ta tsinci kanta a hannun hauni. Yanzu ta ƙi, ana ce mata mara imani. Gaba kura, baya sayaki. Kuma wa ya tambaye ta tun farko ko tana so a so ta? Na ce ai littafin ya nuna alamun tana sonsa. Ta ce Marubuci ne ya ce ya ga alamu, kuma shi da kansa ya amsa cewa ya kasa bambance so da tausayi a fuskarta. Duk abin da muka sani game da zuciyar Laureola ta bakin ɗan aiken saurayinta muka ji shi. Ban sallama gaba ɗaya ba, har yau ina ganin San Pedro ya bar ƙofar a buɗe da gangan, amma wannan batu na ɗan aike ban sami amsarsa ba.

Salamanka gari ne na dutse mai ruwan zuma, da yamma sai ka ce an shafa masa zinariya. An kafa jami'ar a 1218. A ƙofar tsohon gininta 'yan yawon buɗe ido ke cincirindo suna neman wani ɗan kwaɗo da aka sassaƙa a kan ƙoƙon kan mutum, ba mai kula da hoton Isabel da Fernando da ke ƙasa, su biyu riƙe da sandar mulki guda. A wani shagon shayi kusa da nan Auta ta zayyana mini yadda karatun waɗannan littattafai ya sauya. Marcelino Menéndez Pelayo ne, a 1905, ya tattara su wuri guda ya ba su sunan labaran shauƙi, daga Siervo libre de amor na Juan Rodríguez del Padrón, na wajejen 1440, zuwa na San Pedro da Juan de Flores. An daɗe ana kallonsu a matsayin ƙannen littattafan jarumta, abin karatun mata. Keith Whinnom na Jami'ar Exeter ya zo ya nuna San Pedro gwanin balaga ne, kowace wasiƙa da kowane jawabi a kan ƙa'ida ya gina su, ya kuma nuna cewa soyayyar waƙoƙin fadar nan ba ta kai tsarkin da ake zato ba, akwai sha'awar jiki lulluɓe cikin lafazi mai ladabi. A 1987 Patricia Grieve ta fitar da littafi a kan yadda so da mutuwa ba sa rabuwa a waɗannan labarai. Barbara Weissberger kuma ta tambayi abin da ya fi jan hankalin Auta: me ya sa a daidai lokacin da mace ke kan gadon sarautar Kastila, daga 1474 zuwa 1504, marubutan fada suka dage da labarin gimbiya magajiya wadda ubanta ke yanke wa hukuncin kisa? Ta kuma ce shi kansa raba littattafan gida biyu, na jarumta na maza, na shauƙi na mata, aikin masana ne na baya. A Kurkukun Soyayya akwai fito-na-fito da fasa gari da ƙawanya, kuma basarake mayaƙi ne ya nemi a rubuta shi.

Juan de Flores ɗan garin ne. Binciken Carmen Parrilla da Joseph Gwara ya sa yawancin masana yau suna ɗaukarsa shi ne Flores ɗin da ya yi marubucin tarihin fadar Isabel, ya kuma shugabanci wannan jami'a a 1478. Labarinsa Grisel y Mirabella ya fi na San Pedro tsanani nesa ba kusa ba. An kama 'yar sarkin Sukotland, Mirabella, da saurayinta Grisel, doka kuma ta ce wanda ya fi laifi a kashe shi, ɗayan a kore shi. Kowannensu ya ce shi ne mai laifin. Sai aka mai da shari'ar ta zama ta maza da mata baki ɗaya: wa ke fara jan wani? Aka ɗauko Braçayda ta tsaya wa mata, aka ɗauko Torrellas ya tsaya wa maza. Wannan Torrellas mutum ne na gaske, Pere Torroella, mawaƙin Kataloniya da ya yi suna da waƙar zagin mata. Alƙalai duk maza ne, kuma Braçayda ta faɗa musu haka a fuska. Mata suka sha kaye. Grisel ya yi tsalle ya faɗa wutar da aka hura don Mirabella, ita kuma ta jefa kanta cikin zakunan ubanta. Daga baya Torrellas ya kamu da son Braçayda, aka yaudare shi ya zo fada da dare. Sarauniya da matanta suka ɗaure shi, suka toshe masa baki, suka kwana suna gana masa azaba da farata da haƙora da ƙarfe mai zafi, suka ci abincin dare a gabansa, da gari ya waye suka ƙone shi kowace ta ɗebi toka ta adana.

Na tambaye ta, to wannan kare mata ne ko tsoratar da maza? Ta ce a nan masana suka rabu. Barbara Matulka a 1931 ta karanta Flores a matsayin mai kare mata. Wasu na baya suka ce duba dai yadda ya zana su a ƙarshe, kamar namun daji, abin da Torrellas ke faɗa a kansu ke nan tun farko. Ni na fi karkata ga cewa Flores ya san abin da yake yi: ya nuna shari'ar da aka gama ta tun kafin a zauna, sa'an nan ya nuna abin da ke biyo bayan irin wannan shari'a.

Zangon ƙarshe Peñafiel ne, tafiyar kamar awa guda a mota daga Valladolid, inda kogin Duratón ke gangarawa ya haɗu da Duero. Tun daga nesa kake hango tsohuwar fadar garin mai ganuwa a kan tudu, doguwa siririya kamar jirgin ruwa, tsawonta ya haura mita 200, faɗinta bai kai 40 ba. Masu sarauta na gidan Girón ne suka sake gina ta a ƙarni na 15, tambarinsu yana jikin hasumiyar har yau, kuma su San Pedro ya yi wa barantaka, shekara 29 in ji shi da kansa. Yanzu gidan tarihin giya ne a ciki, don yankin ya shahara da inabi. Muka bar masu ɗanɗano a ƙasa muka hau matakala zuwa saman hasumiya. Iska tana kaɗawa kamar za ta ɗauke mutum. A can, Auta riƙe da mayafinta da hannu ɗaya, littafi a ɗayan, ta karanta mini shafukan ƙarshe.

Leriano yana kwance, wani abokinsa Tefeo ya zo ba shi magani irin na likitocin zamanin, wato ya zagi mata don ya fitar masa da ita daga rai. Mai mutuwa ya yunƙura ya kawo dalilai 15 da suka sa masu zagin mata ke kan kure, da wasu 20 da suka sa mata ke bin maza bashin godiya, ya jero sunayen matan kirki tun daga Rum da Attaura har zuwa na Kastila. Auta ta ce in saurari dalilan da kyau: kusan dukansu a kan abin da mace ke mayar da namiji ne, tana sa shi jarumta, kyauta, tsabta, iya magana. Uwarsa ta zo ta yi kuka. Sai ya tuna wasiƙun Laureola. In ya bar su wani zai gani, ƙazafi ya dawo. Ya sa aka kawo ruwa a kofi, ya yayyaga su a ciki ya shanye, ya ce wahalarsa ta ƙare, ya cika. Marubuci ya ce da kuka ya kamo hanya har ya iso nan Peñafiel.

Littafin ya yi kasuwa ƙwarai. An juya shi zuwa Katalanci a 1493, sa'an nan Italiyanci da Faransanci da Ingilishi, aka yi ta sake buga shi cikin ƙarni na 16. Malamai suka taso masa. Juan Luis Vives, a littafinsa na tarbiyyar mace Kirista, ya sa shi cikin jerin abin da bai kamata mace ta karanta ba. Shi kansa San Pedro da tsufa ya kama shi ya yi waƙar tuba, ya kira littafin miyar da ke sa zunubi daɗi. Amma abin da ya fi ba Auta haushi wani ne daban, kuma muna saukowa daga tudun take ba ni labarinsa. A 1496 wani Nicolás Núñez ya ga bai iya haƙura da ƙarshen ba, ya rubuta ci gaba. A nasa, Marubuci ya koma wurin Laureola ya same ta cikin nadama, har ta furta cewa da ma tana son Leriano, tsoron bakin mutane ne ya hana ta. Masu ɗab'i suka manna wannan a bayan na San Pedro, kuma yawancin bugun da suka biyo baya haka suka fito, littafi biyu a bango ɗaya.

"Shekara huɗu kacal aka bar ta da a'arta, Yaya," in ji ta. Ta duba agogo ta ce mu ɗaga ƙafa, motar Valladolid ba ta jiran kowa.